Yadda muka ƙirga tsuntsayen tabkin Gidimuni

Tun 1967 ake ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya a tsakiyar watan Janairu na kowace shekara. Ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara alƙaluman, amma masu tsayuwa a bakin ruwa da takarda a hannu galibinsu 'yan sa kai ne. An zaɓi Janairu don a lokacin tsuntsayen da ke guje wa sanyin arewa sun riga sun sauka inda za su yi hunturu, kuma ba su fara haramar komawa ba. In kowa ya ƙirga nasa a mako guda, garken da aka rubuta a Nijar ba za a sake rubuta shi a Chadi ba. A nan ƙasarmu ma'aikatan gandun daji ne ke riƙe da aikin, kuma ta hannun ɗaya daga cikinsu na shiga. Ƙanen matata ne. Ya same ni a gida a Damagaram cikin watan Disamba ya ce, "Yaya, hannu muke nema. Masu ido muna da su, mai saurin rubutu da haƙurin tsayuwa ne ya yi mana ƙaranci." Ni malamin makaranta ne, rubutu ba ya gagarata, sai na ce ya sa sunana.

Ba a kai mutum bakin babban ruwa haka kawai. Sai da aka tara mu, mu sababbi, a wani ƙaramin tabki na bayan gari wanda ruwan damina bai ƙafe a cikinsa ba tukuna. Wanda ya koya mana dattijo ne a aikin, kowa Malam yake ce masa. Abu na farko shi ne riƙon madubin hangen nesa. Ya ce kada ka duba madubin sannan ka nemi tsuntsu. Kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗaga madubin ya zo ya sami idon. Wanda ya sunkuyar da kai ya rasa abin da yake kallo. Wannan ɗan bayanin kaɗai ya rage mana rabin wahala.

Daga nan sai darasin da ya fi zauna mini. Malam ya sa aka kawo faifai da tiyar gero. Zai ɗibi kaɗan ya watsa a kan faifan, ya bari mu kalla na ɗan lokaci, ya rufe da hula, kowa ya rubuta yawan ƙwayar da yake zato. Sannan a buɗe a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. In ƙwayar ba ta da yawa, zaton mutane na zuwa kusa. Da ta yi yawa, kusan kowa sai ya faɗi ƙasa da gaskiya, wani lokaci da nisa. Malam ya ce haka idon ɗan Adam yake, yana rage babban taro. Maganinsa shi ne ka ƙirga goma tsaf, ka riƙe girman filin da goman nan suka cinye a idonka, sannan ka riƙa aza wannan filin a kan sauran garken: goma, ashirin, talatin. In garken ya fi haka, ka yi ma'auninka da 50 ko 100. Na koma gida na ci gaba da yi da yarana bayan sallar isha'i, har suka mai da abin gasa, kuma ƙaramar ce ta fi kowa kusantar daidai.

Sauran darasin na sanin tsuntsaye ne. Waɗanda muka tashi da su ba su ba mu wuya ba: balbela, zalɓe, jinjimi, zakaran ƙeƙuwa, shaida, dinya, kirinjijiya. Baƙin ne matsala, musamman ƙananan nan masu dogon baki da ke tsotsar laka a gefen ruwa, domin a hunturu duk sun tuɓe adonsu sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, sai ka duba tsawon ƙafa, launinta, da lanƙwasar baki kafin ka raba su. An ba mu littafi mai hotuna, sunayen da Faransanci da Latin, muka rubuta na Hausa a gefe inda muka sani.

Ranar jajibirin ƙirga muka kama hanya da la'asar, muka bi ta Mirya a kan babbar kwaltar da ke tafiya Gure da Diffa. Gidimuni na da nisan kimanin kilomita 70 gabas da Zinder. Duk wanda ya girma a Damagaram ya san darajar ruwa, ya san layin jarka da jiran famfo cikin dare a watannin zafi. Saboda haka in ka fito daga cikin tudun rairayi da duwatsu ka hango dabino da goriba sun yi duhu, ruwa shimfiɗe a bayansu, garake kore shar a kewaye, sai ka ji wani abu ya saki a ƙirjinka. Na sha wucewa ta nan a mota, amma ban taɓa sauka don ruwan kansa ba.

Ba mu nufi tabkin ba, gidan mai gari muka fara zuwa. Wannan mataki ne da ba a tsallakewa. Baƙi da madubi mai ƙafa uku suna leƙen gefen gari, a wannan zamani na rashin tsaro, dole hankalin mutane ya tashi. Malam ya nuna takardar aiki, muka miƙa goro, ya yi bayani dalla-dalla cewa ba kama kowa aka zo yi ba, ba kuma hana kamun kifi ko noman rani ba. Mai gari ya aika aka kira sarkin ruwa, wani tsoho siriri mai kaifin ido. Da aka gaya masa abin da ya kawo mu, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya dubi ƙanen matata ya ce, "Ɗana, in kirinjijiya kuke so, ku riga masu shanu zuwa. Da dare take kiwo, da safe ta taru a ɗan tsibirin can ta huta. Rana na ɗagawa yara za su koro garke, ta watse." Ya gaya mana gefen da dinya ke sauka, da inda baƙin agwagi ke kwana, ya ce suna zuwa bayan kaka, su tafi kafin zafi ya kankama. A zaune a kan tabarma, cikin 'yan mintoci, ya zana mana taswirar da muka yi aiki da ita washegari.

Nan na fara fahimtar abin da har yanzu nake riƙe da shi game da wannan aiki. Mutanen bakin tabki ba sa bukatar wani ya zo daga birni ya koya musu tsuntsayensu. Sun san su, sun san lokacinsu, sun san wanda ya ragu. Abin da babu shi ne rubutu, a wuri ɗaya, a wata ɗaya, ta hanya ɗaya, shekara bayan shekara. In tsoho ya ce da gauraka ta fi haka yawa, gaskiya ya faɗa, amma maganarsa ba ta shiga ofishin da ake raba kuɗin gyaran tabkuna. Lamba ce ke shiga.

Muka yi sallar asuba cikin sanyi mai ratsa ƙashi, hazo ya ɗan lafa, wanda sa'a ce, don in ya yi kauri ba a ganin tsallaken ruwa. An raba gaɓar kashi-kashi, kowane rukuni da iyakarsa: daga wancan dabino mai kai biyu zuwa mashayar shanu, daga mashaya zuwa bakin garake. Ka'ida ita ce rana ta kasance a bayanka, saboda haka da safe ana tsayawa ta gabas a kalli yamma. In ka fuskanci rana, duk tsuntsu baƙi ne. A kowane rukuni mutum ɗaya ke kan babban madubi yana faɗa, ɗaya na rubutawa, ɗaya kuma na lura da sama don ganin abin da ya tashi ko ya sauka. Ni ne mai rubutu, ƙanen matata a kan madubi, wani saurayi masunci da sarkin ruwa ya haɗa mu da shi yana gaba yana nuna mana inda ƙasa ke ɗaukar ƙafa.

Mai madubi yakan fara share filin gaba ɗaya da sauri, ya faɗi kimanin jimilla, don ko garken ya tashi a sami abin riƙewa. Sannan ya dawo daga hagu zuwa dama, iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ba a magana sai ta aiki. Shi yana cewa "kirinjijiya, hamsin, ɗari, ɗari da hamsin", ni ina jan layi, ina maimaita masa abin da na ji don kada iska ta cinye wata lamba. Yatsuna sun ƙage don sanyi, shi ya sa ake rubutu da fensir, biro kan daskare ko ya jiƙe.

Da ya gama sai ya ce, "Yaya, zo ka sa ido." Kirinjijiya ce cike da tsibirin, tsaye a kan dogayen ƙafafunta, wuya a miƙe, fuska fara fat kamar an shafa mata alli, wasu biyu-biyu suna gyara wa juna gashin kai. Can bayansu a kan ruwa akwai wasu ƙananan agwagi da ba su kai su girma ba, sun dunƙule suna barci, kai a cikin fiffike. Waɗannan su ne baƙin. A Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, kuma kusan dukkan na yammacin duniya a Sahel suke hunturu. Wasu mazan sun fara fito da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya, alamar adon da za su koma gida da shi. A tsakaninsu akwai 'yan ƙalilan masu dogon wuya da farin ƙirji da wutsiya mai tsini, su ma daga arewa. Na daɗe ina kallo har sai da ya taɓa kafaɗata.

Muna tsakiyar ƙirgar masu tsotsar laka sai wani shaho na fadama ya ɓullo ta saman kacala, yana tafe ƙasa-ƙasa, fikafikansa a ɗage, yana karkata hagu da dama. Shi ma baƙon hunturu ne daga Turai. Kafin ka ce me, tabkin ya tashi. Kirinjijiya ta cika sama da fito, ƙananan agwagin suka dunƙule wuri guda suna juyawa tare, fikafikan mazansu na walƙiya da launin toka mai shuɗi. Rabi suka dawo, rabi suka nufi kashin rukunin da ke yamma da mu. Nan ne amfanin mai lura da sama ya fito. Na rubuta lokaci, da irin tsuntsun, da kimanin yawansu, da inda suka nufa, domin in an zauna haɗa lissafi a cire su daga na waɗancan. Ba don haka ba, tsuntsu ɗaya zai shiga takarda sau biyu.

Akwai layi a takardar na waɗanda ba a tantance ba. Malam ya ja mana kunne a kansa: abin da ba ka gane ba, rubuta "ƙaramin mai tsotsar laka, ba a tantance ba", kada ka ba shi sunan da kake fata. Haka kuma sifili ma amsa ce. A layin shamuwa sifili muka sa, domin a Janairu tana can gabashi da kudancin Afirka, sai gab da damina take dawowa ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. A layin gauraka ma sifili muka sa, kuma wannan ya dame ni, don ita ba tafiya ta yi ba.

Wajen wata kwana inda bado ya rufe ruwa muka ci karo da takabado, kusa ƙwarai, ba ma bukatar madubi. Jikinta ja-ja, wuya fari, goshi shuɗi. Yatsunta sun fi ƙafar wani tsuntsun tsawo. Takan aza ƙafa a kan ganye, ganyen ya fara nutsewa a hankali, kafin ruwa ya rufe shi ta riga ta koma na gaba, tana ɗaga gefen ganye da baki tana tsintar ƙwari. Saurayin masuncin ya ce namijin ne ke kwanci da renon 'ya'ya, har yakan kwashe su a ƙarƙashin fiffike ya gudu da su in ya ga haɗari. Da na duba littafi daga baya, haka abin yake.

Kacala ce ta fi ba mu wuya. Inda ta yi kauri ta fi mutum tsawo, ba ka ganin komai, sai dai ka ji motsi da kuka a ciki. Duk abin da ke ɓoye a can bai shiga lissafi ba, kuma an san da haka. Malam ya ce ba a neman ƙirga kowane tsuntsu. Abin da ake nema shi ne a tsaya a wuraren da aka tsaya bara, a bi hanyar da aka bi, don bambancin da za a gani ya zama na tsuntsaye ne, ba na masu ƙirga ba. Ga masunta kuwa kacala ba matsalar gani ba ce kawai. Tana cinye filin jefa birgi, tana toshe hanyar ruwa zuwa garake, kuma jan baki na samun mafaka a cikinta ya fito ya faɗa wa gero.

Bayan takardar akwai shafin da ba na tsuntsaye ba: yawan ruwa, yanayin iska da hazo, ko ana kamun kifi, ko shanu na sha, ko an ga tarko ko harbi, yawan filin da ciyawa ta rufe, da inda rairayi ke gangarowa. Wannan shafin da sarkin ruwa muka cika shi, da hantsi, a gindin dabino, ana dafa shayi. Ya nuna mana da sanda inda ruwa ke kaiwa yana yaro da inda tudu ya matso. Can sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan zoben ƙarfe da ya lanƙwashe, ya ce a ƙafar agwagwa aka same shi, shekarun baya, ta faɗa cikin kalli. Ya ɗan yi jinkiri kafin ya miƙa wa mai kakin gandun daji. Malam ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Baba, ai wannan wasiƙa ce ka ajiye mana." Ya kwafe lambar da rubutun da ke jiki, ya mayar masa da zobensa. Ya bayyana cewa tun 1899 wani malamin makaranta a Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba, kuma duk zoben da aka karanta yana nuna inda tsuntsu ya fito da inda ya kai. Kafin zobe ma, daga Afirka labarin ƙaurar tsuntsaye ya fara isa can: a 1822 an harbo wata farar shamuwar Turai kusa da Klütz a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar da shi. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock.

Hira ta kai mu gaɓar teku, wadda yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Malam ya buɗe taswira a wayarsa ya nuna mana hanyoyi biyu. Wasu tsuntsayen suna bin bakin teku ne, daga tekun Wadden da ke gaɓar Holand da Jamus da Danmak, su gangaro har Banc d'Arguin a Muritaniya da Djoudj a Senegal. Namu kuwa Bahar Rum suke tsallakawa, sannan su ratsa Sahara, fiye da kilomita 1500 babu wurin shan ruwa na kirki. A gaɓar gundumar Norfolk ta Ingila akwai fadamar Cley, wadda wasu mutane suka haɗa kuɗi suka saya a 1926 don a bar wa tsuntsaye. Yau mutane na zuwa da iyalansu, su bi hanyar katako, su zauna a ɗan ɗakin leƙe suna kallon wasu daga cikin irin waɗanda muka rubuta da safen nan. Kuma abin da ya same mu yana samunsu. Bayan ƙarancin ruwan sama na 1968 a Sahel, masu ƙirga a Ingila sun ga a 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke hunturu a dajinmu, ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Sun gane haka ne don suna da lissafin shekarun baya da za su gwada da shi.

Tabkin Gidimuni ya shiga jerin Ramsar, wato jerin tabkuna da fadamu masu muhimmanci ga duniya da yarjejeniyar Ramsar ta kafa, a Disamba 2019, tare da tabkin Madarunfa na jihar Maraɗi. Tabkin Lasuri, a nan jiharmu, ya riga su tun 2005. Yarjejeniyar an sa mata hannu a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, Nijar ta shiga a 1987. Daga cikin ma'aunan da ake duba wuri da su akwai biyu da ba sa tabbata sai da ƙirga: wurin ya saba ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000, ko kuma kashi 1 cikin 100 na wani iri. Shiga jerin ba ya yanke kacala ko tsayar da tudu, amma yana ba gari bakin magana.

Da azahar matasa suka fara isowa daga Damagaram a kan babura, da butar shayi da tabarmi, wasu da 'yan mata da ƙanne, ana ɗaukar hoto. Abin ya yi mini daɗi, kuma ina so ya ƙaru. Yaranmu na girma tsakanin bango da waya, alhali ga wuri irin wannan kusa da su. Abu biyu kawai nake roƙo. Ledar da ka zo da ita ka koma da ita, don akuya na ci, ruwa na kwasa. Sannan a bar tazara tsakanin mutum da garken da ke hutawa. Na ga wani yaro ya ruga da gudu yana tafi don su tashi ya ɗauki bidiyo. Ba mugunta ba ce, bai sani ba ne. Ƙanen matata ya kira shi, ya sa masa ido a madubi, ya gaya masa cewa kitsen da agwagwar nan ke tarawa yanzu shi ne guzurinta na ratsa hamada a watan Maris, kuma kowane tashin banza daga cikinsa ake cirewa. Yaron ya ƙi barin madubin har sai da abokansa suka yi ta kira. Akwai dokar farauta, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, amma a ganina madubi guda a hannun malamin firamare na bakin tabki zai yi aikin da cin tara bai yi ba.

Da la'asar rukunonin suka haɗu. Aka shimfiɗa takardu a kan tabarma, aka danne su da duwatsu saboda iska, aka bi iri-iri. Duk inda wani ya rubuta garke ya tashi, sai a nemi wanda ya rubuta ya sauka a wannan lokacin, a cire. An yi gardama a kan wasu ƙananan masu tsotsar laka da rukuni biyu suka ba suna daban-daban. Da aka kasa daidaitawa, Malam ya sa aka mai da su layin waɗanda ba a tantance ba. Ni na kwafe tsaftatacciyar takarda, kowa ya duba, aka sa hannu. Ita za ta bi ta ofishin jiha zuwa Yamai, daga can a tura wa masu tattara na duniya. Kafin mu hau mota mun koma gidan mai gari, na karanta musu sakamakon da Hausa, shi da sarkin ruwa da waɗanda suka taru, muka bar musu kwafi guda. Sarkin ruwa ya ce dinyar da muka rubuta ta yi kaɗan, akwai wasu da ke kwana a wata 'yar fadama ta bayan garake da ba mu je ba. Malam ya rubuta sunan wurin a gefen takarda, ya ce baɗi za a ƙara shi a matsayin kashi na daban, don kada ya gurɓata kwatancen sauran.

Wanda ke son shiga, ya je ofishin gandun daji tun cikin Disamba ya ba da sunansa, don a sa shi cikin masu koyo kafin lokaci. Ba a biyan albashi. Ya tanadi rigar sanyi mara haske, takalmin da ba ya tsoron laka, fensir biyu, da ruwan sha. Ni kuma na riga na yi magana da shugaban makarantarmu: in shamuwa ta dawo, ɗalibaina za su rarraba unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari, kowane rukuni da titunansa, su rubuta itacen da ke da sheƙa da yawan sheƙar da ke kansa.